Izinin da Ke Kumasi

Tudun Wada, Gusau,
Alhamis, 27 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga Gwaggona Delu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da su Aishatu da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananki. Mu nan Inna tana tsaye da ƙafafunta, alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka har tana neman wuce kima, gero ya rufe mutum, katangar bayan gida ta zauna tun makon jiya. Kawu Halliru ya yi ritaya, yanzu mu yake yi wa aikin ofis. Aishatu, na san ke za ki karanta mata. Ki zaunar da ita tukuna, kuma kada tausayi ya sa ki tsallake ko layi ɗaya. Tsallake magana ne ya kai gidan nan inda yake yau.

"Wa ad da yaro?" Abin da wani tsoho ya tambaye ni ke nan jiya da azahar, ina tsaye a gabansa da takalmina a hannu, laka har gwiwa. Na ce ni ƙanwarsa ce. Ya ce ba wadda ta biyo bayansa yake tambaya ba, wadda ta haife shi ko ta raine shi yake nufi. Yaron da ake magana a kansa Yaya Ɗayyabu ne, Gwaggo, mai shekara talatin da huɗu da digiri biyu. Yau kwana uku rabon da wani ya sa shi a ido. Ba zan ce miki ya rasu ba, domin ban sani ba. Ba kuma zan ce yana raye ba, domin wannan ma ban sani ba. Ruwan sama ake yi tun asuba, hanyar da zan bi ba ta biyuwa sai ya ɗauke, shi ya sa na samu zaman rubuta miki komai daga farko.

Kin fi ni sanin halin ɗanki da ruwa, ke kika sha ciro shi daga kududdufi. Tun da ya yi bautar ƙasa a kudu ya dawo da wata lalura. Wani Bature da suka koyar a makaranta ɗaya ya nuna masa yadda ake gangara rafin dutse a cikin ƙaramin kwalekwale, shi ke nan ba mu sake samun kansa ba. Bara, da wani kamfanin masu gina hanya zai tashi, aka yi gwanjon kayansu, wasu suka sayi firji, wasu kujeru, shi ya sayi kwalekwale biyu. Ba irin na itace da kika sani ba ne. Na wata roba ne mai tauri, ja, siffarsa kamar kwasfar gyaɗa, mutum ɗaya ke shiga ya zauna ƙafa a miƙe, ya rufe bakin daga ƙugunsa da wani abu kamar siket don kada ruwa ya shiga, ya riƙe filafili mai baki biyu yana tuƙi dama da hagu. Ɗayan ya ba Timothy, ɗan Baba Haruna mai gyaran agogo na Sabon Gari, wanda kike cewa ya fi 'yan gida cin tuwonki. Yanzu Timothy safiyo ne, mai awon filaye, yana da mata, Lidiya, ma'aikaciyar jinya. Shekara guda suna kifewa suna tashi a dam duk Asabar, har ɗanki ya iya juyo da kansa sama ba tare da ya fita daga cikin abin ba.

Akwai wani rafi da ake kira Mazuga. Daga duwatsun yammacin Tsafe yake tasowa, ya bi ta bayan Wanke, ya je ya faɗa babban gulbi a ƙasar Bunguɗu. Da rani yashi ne da duwatsu, da damina kuwa ko shanu ba a kai wa kusa da shi. Shi ɗanki ya sa a ransa zai gangara daga kai har ƙarshe cikin kwana huɗu. Kada ki ce bai yi shiri ba, shirin ne ma ya yi yawa. A watan Maris ya ɗauki hutu ya bi cikin rafin da ƙafa, kwana goma sha ɗaya, da littafi da gwangwanin jan fenti. Kowane dutse mai haɗari ya shafa masa lamba, daga ɗaya har sittin da uku, ya zana shi a littafi, ya rubuta ko ta dama za a bi ko ta hagu. Ya samo takardar izini har uku, kowace da hatimi da sa hannu. Na gan su da idona, suna da kyau ƙwarai. Rafin ne dai ba a nuna wa ko ɗaya ba.

Yanzu ga nawa laifin, gara ki ji shi daga bakina. Kin san Inna da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ya shigo gaisuwa bango take amsa wa, in za ta ba shi abinci sai ta ce a kai wa "ɗan Delu". Saboda haka ni ya aika in nemo masa izininta. Na same ta tana tsintar shinkafa, na faɗa mata komai, har da zurfin ruwan. Ta ce, "Ni mi nawa ciki? A tambayi Delu." Amma hannunta ya tsaya a cikin faifan, Gwaggo, ya daɗe a tsaye. Na gani. Shekara huɗu na yi a Zariya ana koya mini gane abin da marubuci yake nufi a ƙarƙashin abin da ya rubuta, har lambar yabo aka ba ni. Da wannan ilmin na fita na ce masa Inna ba ta hana ba. Na gaya wa kaina takarda zuwa Kumasi da dawowa kwana ashirin ce, kafin nan ruwa ya ja. Gaskiyar ita ce ina so in ga abin. Na gaji da koyar da 'yan mata tarihin mutanen da suka yi wani abu, ga yayana zai yi.

Ranar Asabar suka shiga. Ni na tuƙa su a tsohuwar fijo ta marigayi Baba, kwalekwalen a ɗaure a sama, da man da na saya galan-galan a hannun 'yan bumburutu, don gidajen mai sun zama wurin shanya. Mutanen ƙauyen suka fito kallo. Wata tsohuwa ta ja mayafina ta tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko su. Na ce a'a. Ta ce to wa ya aike su? Na ce babu kowa. Ta ce akwai kifi ne da suke nema? Na ce babu. Ta daɗe tana kallonsu cikin hular kwano da rigar da ke hana nutsewa, sannan ta ce Allah ya ba su lafiya, da irin muryar da ake faɗin haka a ƙofar asibiti. Na yi dariya a lokacin. Har na ajiye maganar a raina don in ba ki labari.

Aikina shi ne in tare su da abinci a wani mashigi da ke bayan Wanke ranar Lahadi, sannan in jira su a gadar Bunguɗu ranar Talata. Na Lahadi ya yiwu. Da la'asar sakaliya suka ɓullo, tafin hannunsu duk ya saɓule, goshin Timothy da kumburi. Ban taɓa ganin ɗanki cikin farin ciki irin na ranar ba, ko ranar da ya karɓi digiri. Yana cin dambu da hannu biyu yana ba ni labari. Ya ce ruwan fari ne fat kamar ana kaɗa nono, ƙararsa ba ta barin mutum ya ji abokinsa, da hannu suke magana. Ya ce akwai inda rafin ya faɗo daga tsayin ɗaki, ya bi shi ya nutse gaba ɗaya, duniya ta yi tsit, sannan ya ɓullo ya ga sama. Sun kwana a kan falalen dutse, sun sauke kwalekwalen da igiya a wurare biyu. Na tambaye shi lambobinsa fa? Ya ce tun daga ta goma sha tara bai sake ganin ko ɗaya ba, don daidai tsayinsa ya shafa su, ruwan bana kuwa ya ninka shi. Amma wai ba komai, suna cikin kansa. Timothy bai ci da yawa ba. Sau biyu ya tambaye ni ko Lidiya lafiya. Wannan ma na gani, na kuma yi shiru. Da za su koma, Yaya ya ce ko Inna ta ce wani abu? Na ce ta ce a gaishe shi. Ya yi dariya ya ce, "Muzdalifa, in za ki yi ƙarya ki riƙa yin wadda za ta shiga kunne." Maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa ke nan.

Ranar Talata tun ƙarfe goma ina kan gada da kular tuwo. Ban san gulbi yana ɗauke da kaya haka ba sai ranar. Karan dawa, ƙyauren ɗaki, mushen akuya, wani kwando da kaza a kansa tana raye. Duk abin da ya ɓullo daga nesa sai in ga ja ne, in ya matso ya zama wani abu. Bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya tsaya a bayana, Lidiya ta sauko da fararen kayan aikinta. Ba ta gaishe ni ba, ta karɓi kular daga hannuna ta ajiye a ƙasa. Ta ce an kawo Timothy asibitinsu da safe, farko a amalanke sannan a mota, kafaɗa ta goce, haƙarƙari biyu sun karye.

Ga abin da ya faɗa mini, yana magana yana hutawa. Ranar Litinin kafin azahar suka isa wani wuri da mutanen can ke kira Maƙogwaro. Dutse ne ya tashi dama da hagu kamar bangon masallaci, rafin ya matse bai fi faɗin zaure ba, kuma haka yake tafiya mai nisa, babu hanya ta sama, babu ta gefe. Timothy ya ce su ɗauki kwalekwalen a ka su zagaye, ko da zai ci musu yini. Ɗanki ya ciro littafin daga leda ya nuna masa: daga lamba arba'in da ɗaya zuwa arba'in da bakwai babu dutse ko ɗaya a tsakiya, da ƙafarsa ya taka wurin. Kuma gaskiya ya faɗa, babu dutse. Suka shirya ɗanki zai fara, Timothy ya ƙirga ɗari ya biyo. Bai kai hamsin ba. A kwanar farko akwai igiyar ƙarfe da aka ja daga gaɓa zuwa gaɓa, daidai ƙirjin mai zaune a kan ruwa. Timothy ya ga ta tare shi, ya ga kwalekwalen ya kife, ya ga jan gindinsa ya sha kwana. Shi kuma da ya yunƙura ya bi, ruwa ya maka shi da dutse tun kafin ya kai igiyar, ya tofar da shi gefe. Da hannu ɗaya ya hau. Ya ce ya yi ta kira har muryarsa ta ƙare, alhali ya san ko yana kusa ba zai ji ba.

Igiyar ba ta mugunta ba ce. Mutanen ƙauyen da ke wurin suna da gonaki a tsallake, nan ne kaɗai igiya ke kaiwa, sai su ja ta da farkon damina su riƙa kamawa suna haye, da kaka su kwance. A watan Maris, lokacin da ɗanki yake auna duwatsu da ma'auni, tana naɗe a rataye a zauren Sarkin Ruwa. Ko yaron goye a ƙauyen ya san da ita.

Jiya da safe aka kai ni wata gonar masara kusa da Nahuce wadda ruwa ya shanye. Kwalekwalen na nan kwance tsakanin kunya biyu, ko tsagewa bai yi ba. Babu kowa a ciki. Amma akwai wata jaka da yake ɗaurewa a bayan mazauni, da takalminsa da ashana da ƙuli-ƙuli a ciki. Babu ita, kuma igiyar da ta ɗaure ta kwance take, ba tsinkewa ta yi ba, ba a kuma yanke ta ba. Ko dai shi ya kwance ta da hannunsa a wani wuri kafin abin ya kuɓuce masa, ko kuwa manoman da suka tsinta ne suka ɗauka. Su uku ne, sun rantse haka suka same shi. Na kalli ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, babu mai takalmi. Ban taɓa roƙon Allah ya sa wasu mutane masu gaskiya ne kamar yadda na roƙa a gonar nan ba.

Daga can muka wuce ƙauyen da ke bakin Maƙogwaro, ni da Kawu Halliru da fayil ɗinsa. Kafin nan ya riga ya zagaya ofisoshin da suka kamata. Kin san jiharmu sabuwa ce, mutum huɗu ke raba tebur ɗaya. Ko'ina an tausaya mana matuƙa, an ce mu rubuto. Wani jami'i ya yi tunani mai zurfi ya ce ai ya ji labarin wani malami a Tudun Wada da ke da irin jirgin da zai iya shiga wurin, me zai hana mu neme shi? Kawu ya rubuta shawarar kafin ya gane Yaya ake nufi.

Tsohon da na fara ba ki labari shi ne Sarkin Ruwa, sunansa Buba. Ɗan siriri ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya ce yana da mutum huɗu da za su iya shiga Maƙogwaro da gora da igiya idan ruwa ya ɗan sauka. Ya ce akwai kogo da baki-bakin dutse a ciki inda mutum zai iya maƙalewa, kuma mai karyayyar ƙafa zai iya kai kwana biyar ko shida tunda ruwan sha bai yanke masa ba, in sanyi bai riga ya gama da shi ba. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Na gane shi, mai jan fenti. Ya kwana garin ga da bazara, ya gaida mai gari, ya gaida malamin makaranta. Gidana ga shi nan, ko ƙyaure babu, bai leƙo ba." Na tuna takardun nan uku masu hatimi.

Sannan ya faɗi sharaɗinsa. Shekara goma sha biyu da suka wuce wani falke ya faɗa wurin, abokin tafiyarsa ya roƙa aka shiga nema. An fito da gawar falken, amma ɗan Sarkin Ruwa, Ɗahiru, bai fito ba. Da dangin falken suka zo, suka ce su ba su sa kowa ba, suka ɗauki gawarsu suka tafi ko gaisuwar mutuwa ba su yi ba. Tun ranar ya yi alkawari ba zai sake sa ɗan kowa a ruwan ba sai wadda ta haifi mutum ko ta raine shi ta ce da bakinta: ɗana ne, ni na roƙa, kuma duk wanda ya salwanta wajen nemansa yana wuyana. Kawu ya buɗe fayil, ya ce shi ƙanin uwa ne kuma tsohon babban sakatare, zai sa hannu a rubuce. Tsohon ya ce takarda ba ta da wuya. Kawu ya ce in haka ne zai kai maganar gaban hukuma. Ya ce, "To madalla, hukuma ta zaka ta shiga, mu ara mata gora." Ni na tambaye shi, idan wadda ta raine shi tana wata ƙasa fa? Ya ce a kawo wanda ya ji daga bakinta, ya rantse a gaban mutane, ya isa.

Kafin magariba na durƙusa gaban Inna. Tun Talata ba ta ci komai ba, ta share tsakar gida sau uku, ta juya tabarmarta tana fuskantar ƙofa. Amma in maƙwabta sun shigo jaje sai ta ce ai Delu za a yi wa. Na faɗa mata abin da ake so ta ce, na ce mota na nan, tafiyar awa biyu ce. Ta ce ta ba ki shi ranar da aka yaye shi, abin da ta bayar kuwa ba ta da baki a kansa. Gwaggo, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kunya ba ta numfashi, shi yana yi. Na faɗi maganganu masu kyau sosai, irin waɗanda da a zauren jami'a ne da an tafa mini. Ta bari na gama tsaf. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara talatin da huɗu ban ce nawa na ba, aka bar min shi. Ke kina so in tsaya gaban mutane in faɗi, a ji." Duk zamana da ita na ɗauka al'ada ce kawai take bi. Ashe gadin ransa take yi, ita kaɗai, tun kafin a haife ni. Ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa.

Mun nemi ki ta waya. Lambar shagon da ke kusa da ku, wadda Alhaji ya bari, Kawu ya kai dare jiya yana sa a buga. Sau ɗaya ta shiga, wani ya yi magana da yaren da ba mu ji, ta yanke. Takardar nan Usman direba zai kawo miki, gobe motar goro za ta tashi, in hanya ta yi kyau kwana goma. Sarkin Ruwa ya ce biyar ko shida, uku sun tafi.

Saboda haka ga abin da zan yi, kuma kafin ki ji shi an riga an yi. Zan je in tsaya gaban tsohon nan in ce wayar ta shiga jiya, na ji muryarki, kin ce ɗanki ne, ke kika roƙa, kuma kin ɗauka a wuyanki. Zan rantse. Na san hukuncin wanda ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, ba sai malam ya tuna mini ba. Na kuma san abin da nake ɗora miki. Mutum huɗun nan na gan su, suna zaune a gindin tsamiya suna gyaran komar kamun kifi. Ɗaya ya yi furfura, ɗaya bai daɗe da aure ba, lallen bai gama fita daga hannunsa ba. Idan ɗayansu bai fito ba, da sunanki uwarsa za ta kwana, ke kina Kumasi ba ki san an yi ba. Kuma mai yiwuwa su shiga su tarar babu abin da ya rage da za a ceta. Ina ganin da kina nan da kin ce a shiga tun kafin tsohon ya rufe baki. Amma ni ce dai na tabbata na san abin da Inna take nufi ranar shinkafa, don haka kada ki ba ganina wani nauyi.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan wata rana aka tambaye ki a gaban mutanen ƙauyen nan, kada ki ƙaryata ni a can, domin su ne za a sake cewa ba a sa su ba. Ki bari mu shiga ɗaki, ki yi mini duk abin da kika ga dama. In kin ce kada in sake kiran ki Gwaggo, zan ji, ba zan yi gardama ba.

Ki gaishe mini da Alhaji, ki ce ya sa a yi mana addu'a a masallacin unguwa. Ina gaida Aishatu da maigidanta da yara, da Amina, da Inna Asabe mai ƙosai in tana nan da rai. Kawu Halliru yana gaisuwa, ya kafa kwamiti, shi ne shugaba. Baba Haruna ya zo da kansa jiya ya zauna a zaure, ya ce in na rubuto in sa sunansa. Timothy ya ce ki yafe masa da ya fito.

Ruwan ya tsagaita. Ina cikin rubuta gaisuwar nan Inna ta shigo, ita da ba ta shiga ɗakina. Tana tsakar gida jiya lokacin da Kawu ya faɗa da ƙarfi cewa wayar ta ƙi, babu yadda za a yi ba ta ji ba, ni kuma ban gaya wa kowa niyyata ba. Ta ajiye ƙunshi a bakin gado ta ce, "Na ji an ce Delu ta yi magana. To ki hanzarta." Na buɗe bayan ta juya. Kaftaninsa ne mai ruwan toka, a goge, da hula, da bargo, da kunu mai zafi a fulas. A ƙarƙashinsu akwai farin yadi sabo, a ninke, da ƙaramar kwalbar turare. Duka biyun ta haɗa mini, ban san yaushe ta aika aka sayo ba. Na mayar na ɗaure yadda ta ɗaure. Yanzu na ji ta ja ƙyauren ɗakinta ta rufe. Zan ajiye wannan a tasha wurin Usman in wuce.

Wassalam. Taki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Muzdalifa.